Daga Kano zuwa Salaga: yadda madugai ke shirya tafiya, da yadda nake shirya tawa

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Tarihin yau ya shigo har cikin gidanmu, don haka ku yi min uzuri, zan fara da kaina.

Wata uku da suka wuce Baffana, yayan mahaifina, ya aika aka kira ni. Ya ce yana son in raka shi Ghana, garin Salaga, ya ga yayarsa. Wannan Goggon tamu ta haura shekara 80, kuma rabon da su haɗu ido da ido tun 1969. A shekarar ne gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Kakanmu yana sana'ar goro a Kumasi a lokacin, ya kwaso iyalinsa ya dawo Kano. Ita Goggo tana gidan miji a Salaga, sai ta zauna. Yanzu jikinta ya yi rauni, ana haɗa su a WhatsApp, amma Baffa ya ce muryar waya ba ta ishe shi ba. Jirgin sama kuwa ya ce a bar maganarsa, ta ƙasa ya baro Ghana, ta ƙasa zai koma.

Ni da rawar kai na zaro waya, na buɗe Google Maps, na nuna masa. Na ce, "Baffa, ga hanya nan, ko kwana biyu ba za mu yi ba."

Ya kalli wayar, ya kalle ni. Ya ce, "To madugu. Wane wata za mu tashi? Wa ka sani a hanya? Me za mu riƙa? Ruwa nawa za mu haye?"

Wallahi ko ɗaya ban iya amsawa ba. Kunyar da na ji ce ta sa na koma karatu, sai na tarar waɗannan tambayoyi huɗu su ne dai waɗanda kowane madugu yake amsawa kafin ayari ya bar ƙofar gari. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma da farko, me ma yake kai Bakano Salaga?

Amsar ita ce goro. Goron da muka fi so, mai ɓari biyu, ba ya yi a ƙasar Hausa. A kurmin ƙasar Asante yake yi, wajen Kumasi. Ƙasar da ke arewa da kurmin ita ce Gonja, mu muke ce mata Gwanja. Hanyar kuma tsohuwa ce. Littafin Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. Ku lissafa da kanku, kusan shekara 600 ke nan.

A tsakiyar ƙarni na 18 Asante suka ci Gonja da yaƙi. Sarakunan Asante ba sa son baƙin 'yan kasuwa su kutsa cikin kurmi su sayi goro a gindin bishiya, don haka aka tsayar da ciniki a Salaga. Mutanen Asante su hauro da goro, fatake su gangaro da kayansu, a haɗu a nan. Haka Salaga ta cika ta batse, har ana mata kirari da garin rijiya dubu, saboda yawan rijiyoyin da aka haƙa don mutane da dabbobi.

Ribar fa? Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851. Ya ƙiyasta cewa goron da ke shigowa Kano a shekara ya haura kayan jaki 500, kuma kayan jaki ɗaya in ya iso lafiya ana sayar da shi wuri 200,000. A lissafinsa wuri 2,500 ne dalar azurfa ɗaya, kun ga kayan jaki ɗaya dala 80 ke nan. Amma ku riƙe wannan sharaɗin, in ya iso lafiya. Duk shirin tafiyar a kansa yake.

To, tambaya ta farko: wane wata za mu tashi?

Bafatake ba ya tashi da damina. Rafuka sun cika, hanya ta zama taɓo, jaki ba ya son laka, kaya su jiƙe. Sai an yi girbi, ruwa ya ɗauke, koguna sun fara ja baya, amma da sauran ciyawa da ruwan sha a daji. Wannan lokacin ya yi daidai da kakar goro a can kudu. Zuwa kaɗai yakan ci wata biyu zuwa uku, zuwa da dawowa kuwa daga wata shida har shekara guda. In ciniki ya ja, ko yaƙi ya tare hanya, damina ta riske ka a can, to sai ka zauna. Da yawa daga nan aure yake shiga, a haifi 'ya'ya, mutum ya wayi gari yana da gida biyu. Ranar tashi kuma ba da ka ake tsayar da ita ba. Kowane babban ayari yana da malaminsa, shi zai duba rana, ya yi addu'a, shi ne kuma mai rubutu in ana buƙatar wasiƙa ko lissafi.

Tafiyar kanta da asuba ake ɗaura kaya, a yi ta bugawa har rana ta take, sannan a sauka a zango. Dabbobi su yi kiwo, mata su ɗora tukunya, domin akwai mata a ayari, wasu matan fatake, wasu kuma da nasu jarin suke tafe. Ba a gaggawa, saboda jakin da ka gajiyar yau shi zai kwanta maka gobe a tsakiyar daji.

Tambaya ta biyu ita ce babba: wa ka sani a hanya?

Ba wanda yake kama hanyar Gwanja shi kaɗai. Wani Baturen, Hugh Clapperton, wanda daga baya ya rasu a Sakkwato, ya gamu da ayarin Hausawa a Kaiama ta ƙasar Borgu a 1826, suna dawowa daga Gwanja. Ya ce mutanen sun haura 1,000, maza da mata, dabbobin ma kusan haka. Gari ne guda yake tafiya da ƙafa. Kuma gari dole ya yi shugaba.

Shugaban shi ne madugu, uban tafiya. Ba gadon sarauta ke ba mutum wannan matsayi ba, sanin hanya ne da sanin mutane. Shi ya san wane sarki ne ya mutu, wane ne ya hau, wane gari ake rikici, wace rijiya ta ƙafe. Shi zai shiga fada ya yi gaisuwa, ya yi cinikin abin da ayari zai biya kafin ya wuce. Akwai jagaba, mai shiga gaba ya duba hanya da wurin sauka. Akwai uban dawaki, mai bi ya karɓi kason kowa na kuɗin da za a biya, gwargwadon yawan kayansa. Akwai makaɗi, domin mutum dubu ba sa jin kira da baki, ganga ce ke cewa a tashi ko a tsaya. Fatake kuma da makamansu suke tafiya, kwari da baka da takubba da masu, saboda 'yan fashi.

Waɗanda suka fi shahara a wannan fatauci su ne Agalawa da Tokarawa, masu asali daga wajen Azbin, sai Kambarin Barebari masu asali daga Barno. Abin da ya riƙe su shi ne dangantaka. Yaro zai fara bin mahaifinsa ko kawunsa yana kora jaki, ya haddace zango-zango, ya san masu masauki, kafin a ba shi jari.

Mai masaukin nan, wato fatoma ko maigida, shi ne ginshiƙin abin. In ka isa baƙon gari, shi zai ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya, ya nemo dillali, ya yi maka tafinta, ya tsaya maka in za a ba ka bashi, in rigima ta taso ya kai ka gaban sarki. Kai kuma ba ka sauya shi, gidan da ubanka ya sauka nan kake sauka. Waɗannan masaukai su ne suka girma suka zama unguwanni. Shi ya sa har gobe a Ghana unguwar Musulmi baƙi sunanta Zongo, kalmarmu ce ta zango, kuma Hausa ake yi a ciki.

Tambaya ta uku: me za mu riƙa?

Wani zai ce ai kuɗi. To kuɗin lokacin wuri ne, kuma wuri nauyi gare shi. Keso ɗaya wuri 20,000 ne, kun ga kuɗin kayan jaki ɗaya na goro a Kano keso goma ke nan. Wa zai ɗauki wannan ya ratsa daji wata uku? Saboda haka haja ake ɗauka: kanwa daga wajen Barno, baƙin rini da rigunan saƙi, jar fata da takalma, gabu wato busasshen ganyen albasa, duwatsun ado, da dabbobi. Dabarar ita ce ka zaɓi abin da ake nema a kasuwannin hanya, ka sayar a nan ka saya a can, guzurinka da kuɗin fito su fito daga cikin kayan, jarin kuma yana ƙaruwa kafin ka isa.

Akwai abin da ba zan tsallake ba, ko da ba daɗin ji. Cikin abin da ake saye da sayarwa a wannan hanya har da mutane. Salaga tana cikin manyan kasuwannin bayi na yankin, har yau ana nuna wa baƙi wurin kasuwar da rijiyoyin. Bayi sun yi dakon kaya a ayari, an kuma yi musanyarsu da goro. In muna alfahari da ƙwazon kakanninmu, mu riƙa tunawa da waɗanda aka kora a hanyar ba da son ransu ba.

A dawowa kuma aikin ya fi wuya, domin goro ɗan lele ne. Ba ya son zafi, ba ya son iska ta busar da shi, ga hunturu. Ana jera shi cikin ɗanyen ganyen fita a ɗaure huhu, a sa a waga a ɗora wa jaki. Bayan 'yan kwanaki a kwance, a yayyafa ruwa, a sauya ganye, a tsince wanda sankara ta kama, domin ɗaya in ya ɓaci sai ya ja saura. Ka yi sakaci mako guda, wahalar shekara ta tafi.

Tambaya ta huɗu: ruwa nawa za mu haye?

Duk ta inda ka bi, Kogin Kwara yana gabanka. Wata hanyar takan bi ta Sakkwato da Jega a haye ta wajen Illo ko Gaya. Wata ta bi ta Yawuri ko Busa. In an haye sai ƙasar Borgu, a bi ta Nikki da Jugu, a shiga arewacin Togo ta yau wajen Sansanne Mango, a faɗa Yendi ta Dagomba, sannan Salaga. Akwai kuma ta arewa, wadda ke ratsa ƙasar Gurma da Mosi ta gangaro. Madugu ba gajerar hanya yake nema ba, wadda take da lafiya a wannan shekarar yake nema. Bana a bi ta nan, baɗi labari ya sauya a bi ta can.

A bakin kogi ana biyan fito, masu kwalekwale su haye da mutane da kaya, abin da kan ɗauki kwanaki in ayarin babba ne. A kowace masarauta kuma ana biyan garama. In madugu ya iya baki, kuma an san shi, a sassauta. In bai iya ba, a tsare ayari har guzuri ya ƙare.

To me ya kashe wannan hanya? Abubuwa ne suka biyo juna. A 1874 sojojin Ingila suka shiga Kumasi suka ƙona ta. Ƙarfin Asante a arewa ya karye, Gonja ta ɓalle, goro ya rage isa Salaga, ciniki ya fara komawa Kintampo da Atebubu da Kete Krachi. A 1892 rikicin sarautar Kpembe, garin sarakunan da ke gefen Salaga, ya zama yaƙin basasa, 'yan kasuwa suka watse. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da Imam Umaru, malamin nan da aka haifa a Kano a 1858. Ya koma Kete Krachi, a can ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da ajami waɗanda masana ke dogaro da su har yau.

Sai kuma teku da dogo. Alhassan Dantata, Ba'agale ne haifaffen Bebeji a 1877, ya san hanyar Gwanja tun yana saurayi, har Accra ya je, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, inda mahaifiyarsa take kasuwanci. Yana cikin na farko da suka gane cewa in ka sa goro a jirgin ruwa daga gaɓar Ghana zuwa Legas, ka huta da watannin daji. Da dogo ya iso Kano a 1911, magana ta ƙare, tafiyar wata uku ta koma ta kwanaki. Daga baya manoman ƙasar Yarbawa suka dasa irin goron a wajen Agege da Shagamu. Har yanzu Yarbawa gbanja suke kiran sa, wato Gwanja. Ita kanta tsohuwar hanyar ruwa ya ci wani sashenta: tsohuwar Busa tana ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968, tsohuwar Kete Krachi kuma tafkin Volta ya shanye ta bayan an gina madatsar Akosombo.

Yanzu mu dawo kan tafiyarmu. Na koma wurin Baffa da amsoshi, ga yadda muka tsaya.

Wata: Nuwamba in Allah ya kai mu. Ruwa ya ɗauke, sanyi bai yi tsanani ga dattijo ba, kuma mun kauce wa cunkoson ƙarshen Disamba a kan iyakoki.

Hanya: raina ya so mu bi sawun fatake, ta Borgu mu shiga Nikki, mu wuce Jugu, mu ratsa Togo ta Kara, mu shiga Ghana ta Tatale zuwa Yendi. A taswira ita ce miƙaƙƙiya. Amma na yi abin da madugu yake yi, na tambayi direbobin da ke bin hanyoyin. Dajin wajen Kainji da arewacin Benin ba lafiya a 'yan shekarun nan. Ta Nijar da Burkina Faso kuma, gabashin Burkina yana fama da masu ɗauke da makamai, ga shi ƙasashen biyu tare da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Iyaka ma ba abin da za ka yi wa alkawari ba ce. Najeriya ta rufe nata na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an kuma rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 2023. Da tsoho ɗan shekara 70 da ɗoriya ba na caca. Saboda haka hanyar Dantata za mu bi, sai dai mu a mota: Kano zuwa Legas, kusan kilomita 1,000, sannan Seme, Kwatano, Lome, Aflao, Accra, Kumasi. Ta fi tsawo nesa ba kusa ba, amma ita muka zaɓa.

Abin riƙewa: fasfo, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza har kwana 90, amma sai da takardar tafiya. Katin allurar shawara, wanda ake tambaya a iyaka. Kuɗi kala uku, naira da sefa da sidi, a rarraba su, kada a tara a aljihu ɗaya, a kuma tanadi canji ƙanana. Maganin hawan jinin Baffa a cikin kwalinsa tare da takardar likita. Motar gida mun haƙura da ita, domin ita ma sai an yi mata nata takardun, har da inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card. Motar haya za mu riƙa shiga zango-zango, ba tafiyar dare. Agogo ma sai an kula, Togo da Ghana suna bayanmu da awa ɗaya.

Wa muka sani: a nan Baffa ya nuna min shi ne madugun, ni ɗan kora jaki ne. Cikin kwana biyu, da 'yar ƙaramar wayarsa mai madannai, ya samo mana masauki a Agege wurin ɗan abokinsa mai sayar da goro, ya samo wani a Zongon Lome, ya samo jikan maƙwabcinsu na da a Kumasi wanda zai tare mu a tasha. Ba otal ko ɗaya a lissafinsa. Na ce, "Baffa, mutanen nan fa ba su taɓa ganinka ba." Ya ce, "Sun san ubana."

Ruwa kuma, ashe fito bai ƙare ba. Daga Kumasi za mu bi ta Atebubu zuwa Yeji, tsohuwar hanyar da mutanen Asante ke hauro da goro. A Yeji sai mun jira jirgin fito ya haye da mu tafkin Volta zuwa Makango, daga nan Salaga ba nisa. In jirgin bai tashi ba ranar, sai mu kwana, ko mu zagaya ta Tamale. Na sa kwana ɗaya na rara saboda wannan. Gaba ɗaya mun ware mako guda don zuwa.

Abu ɗaya ne muka yi gardama a kansa. Baffa ya ce lallai sai na je kasuwar Mariri na sayo ƙwarya biyu ta goro mai kyau, wato guda 200, na gaisuwar surukai. Na yi dariya na ce, "Baffa, goro za mu kai Gwanja?" Ya ce ba a shiga gidan surukai hannu rabbana, ko da a gindin bishiyar suke kwana. Na sayo. Mai goron ya ce min daga Shagamu aka kawo shi, ya kuma koya min yadda zan riƙa buɗe shi ina yayyafa ruwa a hanya.

Ku sa mu a addu'a, Allah ya sa mu tarar da Goggo da rai da lafiya, ya haɗa 'yan'uwan nan biyu. Wanda kuma yake da tsoho a gida da ya taɓa zaman Ghana, ya zauna da shi yau ya tambaye shi ta ina suka bi, a gidan wa suka sauka, ya rubuta sunayen garuruwan. In mun dawo lafiya zan kawo muku labarin Salaga ta yau da rijiyoyinta.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Na bar ku lafiya.